Auna Ingancin Littattafan Ƙarshen Zamani: Darasi daga Suyuɗi, Shehu Usumanu da "Wasiyyar Shehu Ahmad"

1. Gabatarwa

Rubuce-rubucen da ke magana a kan bayyanar Mahadi da tashin ƙiyama sun daɗe suna yawo a ƙasar Hausa, cikin Larabci da ajami da boko. Ɗalibin da ya ci karo da su yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko ya gaskata su ɗungurungum, ko ya watsar da su a matsayin tatsuniya. A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba matani uku, domin mu fitar da ma'aunin da malaman da suka gabata suka yi aiki da shi, sannan mu ga abin da masanin harshe zai ƙara.

2. Suyuɗi da shekara ta 1000

A shekarar 898 ta Hijira (1492), Jalaluddini Suyuɗi, malamin Alƙahira da ya yi musayar wasiƙu da sarakunan Katsina da Agadas, ya rubuta al-Kashf domin rushe zancen da ya bazu cewa duniya za ta tashi a shekara ta 1000. Hanyarsa ita ce bin hadisan da aka kafa hujja da su, da lissafa tsawon alamomin da ba su riga sun bayyana ba. Sai dai shi ma ya yanke iyaka: ya ce wa'adin al'umma ba zai wuce shekara 1500 ba. Daga irin wannan lissafi ne jama'ar Sudan ta Yamma suka sa ran Mahadi a wajejen 1200 (1785-1786). Abin lura a nan shi ne, girman marubuci bai isa ya inganta lissafinsa ba, kuma wa'adin da ya wuce ba ya kashe zance, sai dai a ɗaga shi gaba.

3. Shehu Usumanu da da'awar Mahadanci

Bayan jihadin 1804, mutane da dama sun ɗauka Shehu Usumanu ɗan Fodiyo shi ne Mahadi. A 1814 ya rubuta Tahzirul Ikhwan, inda ya ƙaryata wani mai suna Hamma da ya yi wannan da'awa, ya kuma kore ta daga kansa. Hujjarsa mai sauƙi ce: ruwayoyi sun ambaci nasabar Mahadi da mahaifarsa a Madina, shi kuwa a Maratta aka haife shi, cikin jihar Tawa ta yau. Wato ya gwama da'awa da abin da kowa zai iya bincikawa. Muhimmancin wannan taka-tsantsan ya fito fili daga baya: tawayen Kobkitanda a yankin Dosso da na Satiru kusa da Sakkwato, a 1905-1906, sun tashi da sunan Mahadi, kuma an rushe Satiru ƙurmus da asarar rayuka masu yawa.

4. Takardar da ba ta da uba

Matani na uku shi ne wasiyyar da ake danganta wa wani Shehu Ahmad, wai mai tsaron kabarin Annabi (SAW), wanda ya yi mafarki an gargaɗe shi cewa sa'a ta kusa. Tun ƙarni na 19 take yawo. Snouck Hurgronje ya yi nazarinta, Rashid Rida da Ibn Baz sun ƙaryata ta, amma ga ta yau a WhatsApp. A nan ne aikin masanin harshe yake. In aka jera kwafe-kwafenta, za a ga ba ta da isnadi ko tabbatacciyar ranar rubutu, kuma adadin mutanen da aka ce sun mutu ba da imani ba yana sauyawa daga kwafi zuwa kwafi. Abin da ba ya sauyawa shi ne ƙarshenta: alkawarin arziki ga wanda ya kwafa ya rarraba, da barazana ga wanda ya musa. Matanin da ya sa tsoro a gurbin hujja ya riga ya tona asirin kansa.

5. Kammalawa

Tambayoyi huɗu muke ba ɗalibanmu shawara su yi wa kowane littafi irin wannan. Wa ya rubuta, kuma ta wace hanya ya iso gare mu? Shin kalmominsa da salonsa sun dace da zamanin da yake da'awa? Akwai abin da za a iya gwadawa a cikinsa? Me ya faru da wa'adinsa bayan ya wuce? Sai dai faɗuwa wannan jarrabawa ba ta sa a jefar da takarda. Annabcin ƙarya shaida ce ta gaskiya a kan fargabar waɗanda suka kwafe shi, ko ta yunwa, ko ta haraji, ko ta zuwan Nasara. Saboda haka wurinsa yana ma'ajiyar takardun tarihi, tare da bayanin inda aka samo shi da hannun da ya rubuta shi.