Daga Ina Dabarar 'Yan Kokowar Adar Ta Samo Asali?

Duk lokacin da gasar takobi ta ƙarato, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisun Tawa: me ke kayar da ƙato, ƙarfi, asiri ko dabara? An haura shekara 50 ana wannan gasa, ya kamata a waiwayi tushenta.

Kokowa ta daɗe a Adar, ta riga Turawan Faransa zuwa. Wasan kaka ce. In an kai gero rumbu, samarin wannan gari su ɗauki makaɗinsu su tafi wancan, a kara a dandali gaban dattawa da 'yan mata.

A 1975, zamanin Saini Kunce, gwamnati ta mayar da ita gasar ƙasa. A Tawa aka fara, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ya tafi da takobin farko. Daga baya Kadade na Tawa ya ci takobin, ya fitar da Adarawa kunya. Yanzu jihohi takwas ke karawa, kowace da 'yan kokowa goma.

Wasu na cewa laya da guru ke yin aikin. To, wa ke shiga fili ba su? Kowa na ɗaure da nasa, amma ɗaya ke faɗuwa. Wasu kuma sun ce masu horarwa na zamani ne suka kawo dabara. Ban yarda ba, domin su Kantu da Kadade a dandalin ƙauye suka ƙware.

Ni dai a ganina kokowar kaka ce makarantar. Yaron da ke karawa da wanda ya fi shi jiki dole ya koyi haƙuri. Dubi gwani a filin kokowa na Hamidin Mai Dare da ke Tawa: ya duƙa, ya shafi rairayi, yana kewaya abokin karawa, idonsa na kan ƙafa. Ya miƙa hannu kamar zai kama wuya, wancan ya ɗago, sai ya shammace shi da taɗiya. Ba a koyon wannan a zaman horo na mako biyu.

Abin damuwa, cin rani na kwashe samarin Kaita da Buza da Illela tun kaka ba ta ƙare ba, dandali na zama kango. Sarakuna da magadan gari, ku raya kokowar ƙauye. Can ake haihuwar sarakunan takobi.