Daga Kanumfari Zuwa Aikin Jijiya: Tarihin Magance Zogin Haƙori a Abuja

1.0 Gabatarwa

Ciwon haƙori yana daga cikin cututtukan da Bahaushe ya daɗe yana fama da su, har harshensa ya tanadi kalmomin bambance matakansa: akwai tsami, akwai raɗaɗi, akwai kuma zogi mai hana barci. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda hanyoyin magance wannan zogi suka sauya a yankin Abuja, tun daga zamanin wanzamai zuwa aikin da likitoci ke yi a yau na yashe jijiyar haƙori da cike gurbinta. Manufa ita ce a nuna cewa aikin likita ya yi nisa, amma kalmomin da ake yi wa majiyyaci bayani da su suna nan a baya, kuma wannan giɓi yana da illa.

2.0 Tsohuwar Abuja da Magungunan Gargajiya

Abuja ta asali gari ne na Haɓen Zazzau da jihadi ya koro daga Zariya, wanda Abubakar Ja ya kafa a 1828. Da gwamnatin Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja. A can, kamar sauran garuruwan Hausa, fahimtar jama'a ita ce wata tsutsa ce ke cin haƙori har ta yi masa kogo. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan fahimta ba. An same ta a rubuce-rubucen mutanen Babila, kuma ta daɗe a Turai kafin irin su Pierre Fauchard na Faransa, a littafinsa na 1728, su yi watsi da ita.

Magungunan da aka dogara a kansu sun haɗa da kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, da tauna saiwar fasaƙwari wadda ke sa baki ya yi nauyi, da kuma cusa kanumfari a cikin kogon. Sunan kanumfari kansa aro ne daga Larabci, wato ƙaranful, abin da ke nuna cewa fatauci ne ya kawo shi. Idan duk waɗannan suka gaza, sai a garzaya wurin wanzami ya cire haƙorin. Ke nan a tsohon tunani magani iri biyu ne: ko dai a kashe abin da ke cikin kogo, ko kuwa a raba mutum da haƙorin.

3.0 Zuwan Aikin Jijiya

Aikin jijiya ya zo da hanya ta uku, wato a bar haƙori a mazauninsa, a cire ruɓaɓɓen ɓargonsa kawai. Abubuwa da dama suka haɗu kafin hakan ta yiwu. Tun a ƙarni na 19 aka fara cike saiwar haƙori da wani danƙo mai suna gutta-percha. A 1884 Carl Koller ya nuna a Biyana cewa ana iya kashe zafin wuri guda ba tare da an gusar da hankalin mutum ba. A 1895 aka gano hasken ɗaukar hoton ƙashi, sannan a 1943 aka haɗa sinadarin lidoken a Suwidin, wanda har yau shi ne jigon allurar likitan haƙori. Abin lura shi ne kanumfari bai fita daga fage ba, domin mansa, wato yujinol, yana cikin wasu haɗe-haɗen da ake liƙe saiwa da su.

A Nijeriya, Jami'ar Legas ce ta fara horar da likitocin haƙori a 1966. Ita kuwa sabuwar Abuja, bayan gwamnati ta tare a cikinta ranar 12 ga Disamba 1991, ta sami Asibitin Ƙasa a 1999, kuma asibitin ƙwararru na Gwagwalada ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja a 2006.

4.0 Zogin Bayan Aiki da Matsalar Kalma

Abuja matattarar harsuna ce, kuma sau da yawa Hausa ce ke shiga tsakanin likita da majiyyacin da ya fito daga Zuba ko Dei-Dei ko Nyanya. Abin da aka saba faɗa masa shi ne za a kashe jijiyar haƙorin. Wannan furuci ya dace da tsohon tunanin kashe tsutsa, saboda haka majiyyaci yana ɗauka cewa da zarar an gama, ciwo ya ƙare. Alhali kuwa naman da ke kewaye da saiwa yana da rai, kuma yakan kumbura saboda aikin, ta yadda haƙorin zai yi tsami idan aka tauna, na 'yan kwanaki.

Wanda ba a shaida wa haka ba yakan zaci aiki ya ɓaci. Daga nan wani ya nemi a cire haƙorin da aka sha wahalar cetowa, wani ya ɗora asfirin ko man kanumfari a kan dasashi ya ƙona shi, wani kuma ya nufi kemis neman tiramadol ko maganin kashe ƙwayoyin cuta. Haɗarin irin waɗannan magunguna masu sa maye ya fito fili a 2018, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Binciken likitoci ya nuna cewa ibufurofen, musamman idan aka haɗa shi da farasitamol, ya wadatar ga mafi yawan masu wannan tsami, sai dai mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko juna biyu ya fara sanar da likita. Maganin ƙwayoyin cuta ba ya kashe zafi. Alamun da ke wajabta komawa asibiti su ne kumburin fuska, da zazzaɓi, da zogin da ke ƙaruwa maimakon raguwa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Bambancin da ke tsakanin tsami da zogi shi ne ainihin bambancin da likita ke so majiyyaci ya gane: na farko abin sa rai ne, na biyu kuwa gargaɗi ne. Haka nan, yashe ɓargon haƙori ya fi kashe jijiya bayyana abin da ake yi. Ya rage ga masana harshe da likitocin haƙori su zauna tare su daidaita waɗannan kalmomi, su shigar da su cikin bayanan da ake bai wa majiyyata.