BABI NA BIYU: TARIHIN MARUBUTA MASU BUGA WA KANSU LITTATTAFAI A ƘASAR HAUSA

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin yadda marubucin ƙagaggen labari na Hausa ya tashi daga matsayin mai jiran hukuma ta buga masa littafi, ya koma shi ne mawallafi, shi ne mai biyan kuɗin ɗab'i, kuma shi ne mai talla. Sanin wannan tarihi yana da muhimmanci, domin ba za a iya yi wa littattafan wannan zamani adalci wajen nazari ba sai an fahimci yanayin da ya haife su.

2.1 Zamanin Hukumomi da Gasa

Kamar yadda aka sani, rubutun ƙagaggun labarai cikin boko ya samo asali ne daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a shekarar 1933 a ƙarƙashin jagorancin Rupert East. Gasar ce ta samar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga nan aikin ɗab'i ya ci gaba da zama a hannun hukumomi, wato Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da Hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC na Zariya daga 1966. Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon wannan lokaci aikin marubuci ya tsaya ga rubutu kawai. Hukuma ce ke tace littafi, ta buga, ta rarraba shi, kuma yawanci makarantu ne kasuwarsa. Ko littattafai irin su So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, duk ta hanyar gasa suka samu fitowa.

2.2 Dalilan Sauyi

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka kawo sauyi. Na farko shi ne shirin ba da ilimin firamare kyauta, wato UPE, wanda aka ƙaddamar a 1976. Shirin ya yaye ɗimbin matasa maza da mata waɗanda suka iya karatun Hausar boko, suna kuma neman abin karantawa da ya shafi rayuwarsu. Na biyu kuwa shi ne taɓarɓarewar tattalin arzikin Nijeriya a shekarun 1980, musamman bayan shigo da shirin SAP a 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, takarda da tawada suka yi tsada. Sai manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, suka fi mayar da hankali ga littattafan makaranta waɗanda ke da tabbacin ciniki. Ke nan masu karatu sun yawaita a daidai lokacin da masu buga musu littafi suka janye. Wannan giɓi ne matasan marubuta suka cike da kuɗin aljihunsu.

Daga cikin littattafan farko da manazarta ke ambata akwai Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed (1984) da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu (1987). Amma littafin da ya nuna cewa sana'ar za ta iya riƙe mai ita shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), wanda ya samu karɓuwa ƙwarai.

2.3 Hanyoyin Bugawa da Tallatawa

Marubuci kan rubuta labarinsa da hannu, ya kai wa mai keken rubutu, ya sa a zana masa bango, sannan ya kai ƙaramar maɗaba'a ya biya kuɗin adadin da ƙarfinsa zai iya. Ƙarancin jari shi ya sa littattafan suka zama ƙanana, aka kuma riƙa karkasa labari ɗaya zuwa kashi na ɗaya da na biyu da na uku, ta yadda cinikin kashi na farko zai biya kuɗin buga na biyu. Wannan ya yi tasiri har a kan zubin labarin, domin marubuci kan katse shi ne a daidai inda hankalin mai karatu ya tashi.

Ta fuskar talla, marubuta sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa. 'Yan ƙungiya sukan jera sunayen littattafan juna a shafukan ƙarshe, su sanya adireshinsu domin masu karatu su aiko da wasiƙu. Haka kuma karanta littattafan a gidajen rediyo ya kai su ga kunnen waɗanda ba su iya karatu ba. Bugu da ƙari, an samu masu ba da hayar littafi a unguwanni, abin da ya sa kwafi ɗaya kan zagaya gidaje da dama, musamman a tsakanin matan aure. Sai dai wannan 'yanci bai zo babu matsala ba. Rashin masu tacewa ya jawo kurakuran ƙa'idojin rubutu, kuma sannu a hankali 'yan kasuwa masu sarar littattafai a Kano suka fi marubuta ƙarfi, har wasu marubutan suka koma sayar musu da rubutunsu kacokan.

2.4 Muhawara da Abin da Ya Biyo Baya

Wannan dangantaka da kasuwa ce ta sa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da adabin kasuwar Onica, yana kuma ganin ba za su ɗore ba. Masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu sun ƙalubalanci wannan ra'ayi a shafukan jaridu cikin shekarun 1990, inda suka nuna cewa littattafan sun raya karatun Hausa, sun kuma bai wa mata damar bayyana matsalolinsu kamar auren dole da zaman kishi. Daga baya wasu marubutan suka karkata ga finafinan bidiyo. Gwamnatin Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, wadda daga bisani ta sa ido a kan littattafai, kuma a 2007 aka ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a. Duk da haka, a 2012 an buga fassarar Ingilishi ta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat a ƙasar Indiya, sannan sababbin marubuta suka koma sakin labaransu kashi-kashi ta Facebook da WhatsApp.

2.5 Naɗewa

A taƙaice, an ga cewa larura ce ta sa marubucin Hausa ya zama mai buga wa kansa littafi, kuma larurar ta bar alama a kan girman littattafan da zubinsu da jigoginsu. Babi na gaba zai duba yadda hakan ya bayyana a cikin zaɓaɓɓun littattafan da wannan kundi ya ɗauka domin nazari.