Matar Da Ta Taka Kan Maciji

'Yan uwana mata, yau tarihi zan kawo muku, ba ƙagaggen labari irin wanda na saba rubutawa ba. A birnin Kartaj abin ya faru, kusa da Tunis ta yau, a shekara ta 203 bayan haihuwar Almasihu, lokacin da ƙasar ke hannun Rumawa.

Sunanta Farfetuwa, 'yar gidan manya ce, shekararta wajen 22, tana da aure ga jariri namiji tana shayarwa. An kama ta tare da wasu don sun karɓi addinin Kirista, cikinsu har da wata baiwa mai suna Felisitas mai tsohon ciki. Abin da ya ja ni ga wannan mata, ita da kanta ta rubuta halin da ta shiga a kurkuku, kuma rubutun nata na cikin mafi daɗewa da ake da su daga hannun mace Kirista.

Ba ta ɓoye tsoronta ba. Duhun kurkukun ya firgita ta, ga zafi, ga cunkoso, ga muguntar masu gadi. Amma duk wannan bai kai tunanin ɗanta ci mata rai ba. Ke uwargida da kika taɓa barin jariri a gida kika ji nono ya cika yana tsiyaya, ba sai na yi miki bayani ba. Da aka yarda ta riƙe shi a wurinta, nan take lafiyarta ta dawo.

Sai kuma mahaifinta, tsoho mai furfura wanda ba Kirista ba. Ya zo ya yi faɗa, ya dawo ya yi kuka, ya sumbaci hannunta, ya zube a ƙafafunta. Abu kaɗan ake nema, ta miƙa hadaya don lafiyar sarakunan Rum ta koma gida. Ran shari'a har jaririn ya ɗauko ya nuna mata. Ta ƙi. Gwamna Hilariyanus ya sa aka doki tsohon da sanda a gabanta, ta ji dukan tamkar a jikinta. Allah sarki! A ganina nan ne yaƙinta na gaske, domin namun daji ba sa kuka su kira ki 'yata.

To me ya riƙe ta? Ta yi mafarkin wani tsani na tagulla, siriri, ya miƙe har sama, an kafa masa takubba da masu da ƙugiyoyi a gefe, a gindinsa kuma ga ƙaton maciji kwance yana hana mutane hawa. Ta ambaci sunan Yesu, macijin ya miƙo kai a hankali kamar shi ke tsoronta, ta taka kan nasa ta mayar da shi matakin farko. Ku lura, macijin bai ɓace ba. Imaninta shi ne mugunta tana nan, amma ba ita ke da mulki ba, a ƙarƙashin ikon Allah take. Ana gobe za a kashe su ta sake mafarkin tana kokawa da wani mummunan ƙato ta kayar da shi, ta farka ta gane da Iblis za ta kara, ba da dabbobi ba.

Batun yaron dai har yanzu yana yi mini nauyi, ban iya cewa da ni ce zan iya. Mahaifinta ya hana ta shi bayan hukunci. Yaron ya daina neman nono, ita ma nonon bai yi mata sankara ba, ta ɗauki wannan a matsayin Allah ne ya sauke mata damuwar.

Felisitas kuwa, dokar Rumawa ta hana kashe mai ciki, sai ga shi ta haifi 'ya mace a wata na 8, kwanaki kaɗan kafin ranar, wata 'yar uwa a ikilisiya ta karɓi renon.

An shigar da su filin wasa ran bikin haihuwar Geta, ɗan Sarki Seberus, aka sako musu wata mahaukaciyar saniya. Ta ɗaga Farfetuwa ta maka da ƙasa. Ta tashi ta ja rigarta ta rufe cinyarta, ta gyara gashinta don kada a ga kamar makoki take, sannan ta miƙa hannu ta tayar da Felisitas. Da takobi aka ƙarasa su, saurayin da aka ba aikin hannunsa na rawa, ita ce ta kai masa takobin wuyanta. Coci-coci da yawa suna tunawa da su biyun ran 7 ga Maris.