Yadda Ƙudan Zumar Afirka Ya Mamaye Nahiyar Amurka

Makona biyu da sauka birnin Tucson na jihar Arizona, maƙwabcina ya ja kunnena da in nisanci akwatin mitar ruwa da ke bayan gida, wai ƙudan zumar Afirka ya tare a ciki. Dariya na yi, na ce masa ai ni a gindin amya na tashi. Bayan kwana uku na jingina kekena a kan akwatin, na sha harbi bakwai a wuya da kunne. Da kumburin ya sace sai na shiga binciken yadda wannan baƙo ya riga ni zuwa Amurka.

Tarihin ya faro ne daga Birazil. Ƙudan zumar da Turawa suka kai can a ƙarni na 19 bai jure zafin ƙasar ba, zumar da yake bayarwa kaɗan ce. Don haka a 1956 wani masani ɗan ƙasar mai suna Warwick Kerr ya ɗauko sarauniyoyin zuma daga Afirka ta Kudu da Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, da nufin haɗa iri. A 1957, kusa da garin Rio Claro na jihar Sao Paulo, wani ya cire ragar da ke hana sarauniyoyin fita, 26 daga cikinsu suka tsere daji da rundunoninsu. Suka yi ta barbara da na Turai suna nausawa arewa, har a watan Oktoba na 1990 aka gan su a Hidalgo ta jihar Teksas. Sun shiga Arizona a 1993, Kalifoniya kuma a 1994.

Jaridun Amurka sun laƙaba masa sunan makashi, amma dafinsa bai fi na ɗan'uwansa na Turai ƙarfi ba. Bambancin shi ne saurin fushi da fitowa da yawa, kuma yakan bi mutum har kusan mita 400. Kakanninsa sun daɗe suna fama da dage da masu fasa saƙa, wanda bai kare gidansa ba bai bar baya ba. Na Turai kuwa masu kiwo ne suka yi ta zaɓen masu sanyin hali. Duk da wannan hali, zumar da Birazil ke samarwa ta ƙaru ƙwarai bayan zuwansa. Gaskiyar Bahaushe da ya ce zuma ga zaƙi ga harbi.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman na kudancin Amurka, ga abin da ya kamata mu sani. Ƙudan zuma sau ɗaya yake harbin mutum, domin ƙarinsa na da ƙayoyi, yakan maƙale a fata, shi kuma ya mutu. Rina kuwa tana iya maimaitawa. Ƙarin da ya maƙale yana ci gaba da zuba dafi, yana kuma fitar da wani ƙamshi mai kama da na ayaba da ke kiran sauran. Wannan saƙon ne hayaƙi ke dagulawa, shi ya sa masu amya a gida ba sa hawa bishiya sai da wuta.

Idan suka taso maka, kada ka tsaya kaɗa hannu. Rufe fuska da riga, ka ruga cikin ɗaki ko mota ka rufe ƙofa. Kada ka faɗa ruwa, za su jira ka ɗago. Ka cire ƙarin nan take, ko da farce ne, ka wanke wurin ka ɗora ƙanƙara. In numfashi ya fara sarƙewa, ko leɓe da harshe suka kumbura, ko jiri ya ɗebe ka, a kira 911 ba tare da jinkiri ba, domin mai irin wannan jini harbi ɗaya na iya kashe shi.

Ni dai tun ranar nakan duba ramuka da akwatuna kafin in jingina komai. Maƙwabcina kuwa har na bar unguwar bai daina tsokanata da maganar amya ba.