Daga Azara Zuwa Dam ɗin Tiga: Me Ke Hana Gini Faɗuwa?

1/ Jama'a, yau tarihin wata tambaya na kawo: me ke riƙe da rufin soron laka, tarin ƙasa a saman kan mutane, ya shekara ɗari bai rufto ba? Amsarta na cikin darussan farko da ake koya wa ɗalibin injiniya, wato sitatiks, ilimin daidaiton ƙarfi. Ku biyo ni.

2/ 'Yan Kibiya, ku matso, sunan garinku na cikin darasin. Injiniya ba ya zana ƙarfi sai da hoton kibiya: tsawonta ya nuna yawan ƙarfin, tsininta ya nuna inda ya dosa. Ita ce bekta. Dokar ɗaya ce: in gini zai tsaya cik, dole kibiyoyin da ke kansa su soke juna, kuma kada wata ta juya shi.

3/ Duba duwatsun Rurum a ƙasar Rano, dutse kan dutse kamar a taɓa ya gangaro. Nauyinsa na dannawa ƙasa, na ƙarƙashi na tokare shi daidai wa daida. Muddin layin nauyin ya sauka cikin inda ya zauna, ba inda za shi.

4/ A rubuce, ilimin ya daɗe. Arkimidis na Girka ya yi bayanin ma'auni kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Al-Khazini ya rubuta Mizan al-Hikma wajen 1121. A 1586 Simon Stevin ya yi bayanin ƙarfi a kan gangara, Newton ya fitar da dokokinsa a 1687.

5/ A ƙasar Hausa kuwa, hannun magina ne ya adana shi, daga uba zuwa ɗa. Sun san halin kayansu. Laka na jure danniya, amma da ka ja ta sai ta tsage. Azara, da ake tsagowa daga giginya, tana jure ja da lanƙwasa, gara ma ba ta cika cin ta ba.

6/ Matsalar ita ce azara ba ta ƙetare fili mai faɗi. In tazarar ta wuce kusan mita 2, nauyin ƙasar rufi sai ya lanƙwasa ta. To yaya za a yi zauren sarki ko masallaci?

7/ Nan bakan gizo ya shigo. Magini zai binne gindin azara cikin bango, kanta ya leƙo waje. Ya ɗaura wata a kai ta ɗan fi ta leƙowa, haka haka daga bango biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a yaɓe da laka. In bakuna suka gitta juna, shi ne ɗaurin guga.

8/ Lissafin fa? Kan azarar na son faɗuwa, nauyin bangon da ke bisa gindinta na danne ta. Ma'auni ke nan, irin na Arkimidis. Rufin kuma na tura bango waje, shi ya sa tsoffin bangaye ke da kauri a gindi, suna sirancewa a sama.

9/ Gwanin wannan fanni shi ne Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Har yau ɗaliban zanen gine-gine na nazarin bakunansa.

10/ Mu dawo gida. Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano a Tiga, maƙwabciyar Rano. Bangon dam ɗin na ƙasa ne, tsawonsa kusan kilomita 6, tsayinsa kusan mita 48.

11/ Ruwa na ƙara matsi gwargwadon zurfi. A mita 10, kowane murabba'in mita na shan matsin kusan tan 10. A mita 40, kusan tan 40. Don haka dam ma gindinsa ne mai faɗi, kamar bangon kakanninmu.

12/ Ga dabarar da ta fi burge ni: fuskar dam ɗin gangara ce. Ruwa ya tura ta, kibiyar ta rabu biyu, ɗaya na tura dam ɗin gaba, ɗaya na danne shi ƙasa. Ruwan da ke neman ture shi na taya shi zama, kun gane? Daga nan manoman Kadawa da Bunkure ke samun ruwan rani.

13/ Abin da ke damuna shi ne yau. Kankare halinsa irin na laka ne: yana jure danniya, ba ya jure ja. Rodi shi ne azarar zamani. Mai gida ya rage rodi don sauƙin kuɗi, ko ya ɗora bene a kan harsashin da aka yi wa hawa ɗaya, ya ƙara kibiya ba abin da zai soke ta. Rayuka ne a ƙasan dakin ɗin nan.

14/ Ƙannena masu shirin karanta injiniya, in an zana muku kibiyoyi a allo kada ku ce abin Turawa ne. Ku shiga tsohon zaure a garinku, ku ɗaga kai ku ƙirga azarar. In da tsohon magini a unguwarku, ku je ku zauna da shi tun yana da rai.