Tashar Mile 12 da Kasuwar Albasa

Mai karatu, in kana zaune a Madawa, ko Buza, ko Keita, ba ka rasa ɗan'uwa ko maƙwabci da ya taɓa zuwa cin rani Legas, wadda dattawa ke ce wa Ikko. Ka tambaye shi Mile 12. Zai gaya maka babbar kasuwa ce. Nan manyan motoci ke sauke albasa da tumatir da tattasai daga arewa, Hausawa da yawa kuma nan suke neman abincinsu. Ma'anar sunan ita ce mil 12 daga tsakiyar birni, gama a da wurin bayan gari ne.

Da Legas ta cika ta batse, sai motoci suka toshe hanya. Ma'aikaci ya fito tun da asuba, ba ya isa wurin aiki sai hantsi ya dubi ludayi. Sai hukuma ta ɗauko dabarar da birnin Kuritiba na ƙasar Barazil ya fara a 1974. Ga yadda take. A ware wa manyan bas hanyarsu ta kansu, kada wata mota ta shiga. Bas ba ta tsayawa sai a tasha. Fasinja ya sayi tikiti tun kafin ya hau. Wannan tsari ana kiransa BRT.

Ran 17 ga Maris 2008, zamanin gwamna Babatunde Fashola, bas ɗin suka fara aiki. Tsawon hanyar kilomita 22 ne, daga Mile 12 zuwa tsibirin Legas. A 2015 aka faɗaɗa hanya, aka kai su har garin Ikorodu. Dakar, babban birnin Senegal, ya buɗe tasa a 2024, da bas masu aiki da lantarki.

To, me tasha ke kawowa? Tana kawo mutane. Inda mutane suka taru, mai shayi zai zo, da mai tsire, da ɗan dako. Mai aiki cikin birni yana iya kama ɗaki a bayan gari, tun da tafiya ta yi sauƙi. Haya ta hau, fili ya yi tsada. Daga nan masu kuɗi da hukuma su fara sa wa wurin ido.

A watan Maris 2016 rikici ya ɓarke a Mile 12, aka yi asarar rayuka. Gwamnatin Legas ta rufe kasuwar na ɗan lokaci, ta kuma ce za ta mai da ita Imota, can gaba da Ikorodu. Mutanen da suka shekara da shekaru suna ciniki a wurin suka gane cewa daɗewa a wuri ba ita ce mallaka ba.

Yanzu dubi gida. Kakanninmu fatake sun san haka: inda ayari ya yi zango, nan kasuwa ke ci. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Ƙonni da Galmi da Madawa, ta wuce Maraɗi. A Madawa hanyar Buza da Keita ta rabu da ita. Ka lura da rumfuna da gidajen da suka tsiro kewaye da tasha. Wasu wuraren a da gonaki ne.

Saboda haka, in kana da gona kusa da hanya ko tasha, kada ka yi gaggawar sayarwa. Tun 1993 Nijar ta kafa dokar filayen karkara, aka kuma naɗa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira COFO. Je wurinsu da shaidu, ka karɓi takardar gonarka. Da yake yanzu ka iya karatu, karanta ta da kanka kafin ka sa hannu. Rigakafi ya fi magani.